Gugar duwatsun yumɓun roba da sanfefa: tambayoyi da amsoshi

Duk wadda ta ɗauki sarƙar da na yi, abin da take fara yi shi ne ta murza dutse ɗaya da babban yatsa, ta ɗaga shi wajen haske, sannan ta ce, "Wane mai kika shafa masa?" In na ce ban shafa komai ba, sai a ga kamar rowar sana'a nake yi. Wallahi ba rowa ba ce. Sanfefa ce da ruwa, da tsohon wandon jins, da zaman da ke sa baya ya ƙage. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu koyo suka fi yi mini, wasu har na gaji da maimaitawa. Na yi magana da "ke" saboda yawancin masu tambayar mata ne, amma maza masu yin carbi da maɓallan riga, ku ma da ku ake.

Wai shi yumɓun roba mene ne, kuma me ya kawo guga cikin aikinsa?

Sunan yumɓu kawai ya ci, ba yumɓun ƙasa ba ne. Garin roba ne irin wanda ake yin bututun ruwa da shi, wato PVC, aka kwaɓa shi da wani mai da ke sa shi laushi, aka zuba launi. Ba ya bushewa a iska. Sai an gasa shi garin robar ke shanye man, su haɗe su zama abu ɗaya mai ƙarfi. A Jamus aka fara shi, a hannun wata mata mai suna Fifi Rehbinder, 'yar mai yin 'yartsana Käthe Kruse, kuma a 1966 ya shiga kasuwa da sunan Fimo. Yanzu akwai Sculpey da Premo da Kato na Amurka, da Cernit, da tarin marasa suna da ake kawowa daga Sin.

Da yake yana da laushi kafin gashi, duk abin da ya taɓa shi sai ya bar shaida: zanen yatsa, bakin wuƙa, zaren tufafi. Gashi ba ya share wannan, tabbatar da shi yake yi. Guga ce ke cire fatar sama mai tabon, ta bar wadda haske zai sauka a kai ya dawo kai tsaye. Abin ba baƙo ba ne a wannan yanki namu. Masu yin duwatsun garin kwalba na Krobo a Gana su ma a kan dutse suke murza nasu da ruwa da yashi bayan sun fito daga wuta.

Kowane dutse ne sai an goge shi?

A'a. Akwai ma wanda guga za ta kashe shi. In adon a saman fata yake, kamar hodar ƙyalli da aka shafa, ko fenti, ko siririyar takardar zinare da aka manna, ko zanen da aka danna da leshi, sanfefa za ta tafi da shi a shafa uku. Waɗannan a bar su yadda suke, sai dai a ɗan gyara gefe da baya.

Wanda guga ke yi wa rana shi ne wanda adonsa ya ratsa har ciki: yankan sandar zane (wato sandar yumɓu mai zane a cikinta daga kai har gindi) da aka lulluɓe dutse da shi, launukan da aka murɗa kamar marmara, yumɓu mai ruwan zinare ko azurfa, sai kuma uwa-uba yumɓu mai ɗaukar haske, wato wanda haske ke ɗan ratsawa, wanda ake kwaikwayon dutsen tsakiya ko murjani da shi. Shi wannan kafin guga kamar guntun sabulu yake. Bayan guga kuwa sai ki rantse daga ƙasa aka haƙo shi.

Wace sanfefa zan saya? Na je wajen masu kayan kafinta sun ba ni wata ja.

Mayar musu, ko ki ba maigida ya goge ƙofa. Ni ma da ita na fara. Na tsoma ta a ruwa, kafin in ƙirga goma takardar ta jiƙe ta zama kamar fanke, yashin ya zube a gindin roba, dutsen kuma ya fito da kwarzane kamar kaza ta yi tono a kansa.

Wadda kike so ita ce ta ruwa, baƙa ko ruwan toka mai duhu, wadda masu fentin mota ke goge jikin mota da ita kafin su fesa fenti. Ƙwayoyinta na wani sinadari ne mai kaifi da ake kira silikon kabaid, bayanta kuma ba ya jin ruwa. Saboda haka kada ki ɓata ƙafa a layin katako. Ki nufi masu sayar da fentin mota da kayan gyaran jikinta, ki ce sanfefar ruwa kike so, ki faɗi lamba. Su ne ke ajiye lambobi masu laushi irin 1000 da 1500 da 2000, waɗanda kafinta ba ruwansa da su.

Falle ɗaya yana da girma. Ki yanka shi gida takwas da tsohon almakashi, ba na ɗinki ba, don zai dakushe. Sai ki rubuta lambar a bayan kowane yanki da alƙalamin da ruwa ba ya wankewa. Da zarar an yanka, lambar da kamfani ya buga tana kan yanki ɗaya ko biyu ne kawai, kuma 800 da 1000 in sun jiƙe ido ba ya raba su.

Waɗannan lambobin fa? Daga nawa zan fara, a nawa zan tsaya?

Nan ne gizo ke saƙa, don haka bari in daɗe a nan.

Ƙaramar lamba, manyan ƙwayoyi, kaushi. Babbar lamba, ƙananan ƙwayoyi, laushi. Mai lamba P400 ƙwayarta ta kai kimanin maikiron 35 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), P800 wajen 22, P1200 wajen 15, P2000 wajen 10. Wannan harafin P alama ce ta ma'aunin Turai. Ma'aunin Amurka ba shi da harafin, kuma daga 400 zuwa sama ba sa tafiya daidai: 600 ta Amurka ta fi P600 laushi nesa ba kusa ba. In kika gauraya su, za ki iya komawa baya kina zaton gaba kike yi. Ki sayi jerinki duka iri ɗaya.

Jerin da nake bi shi ne 400, 600, 800, 1000, wani lokaci in ƙara 1500 da 2000 in yumɓu mai ɗaukar haske ne ko baƙi. In dutsen yana da ƙusumbi ko gefe ya karkace, nakan sauko 320. Ƙasa da haka ban cika zuwa ba, don yumɓun roba ba katako ba ne, 120 za ta ci rabin dutsen ta bar ramukan da za ki wuni kina cikewa.

Abin da masu koyo ba sa so su ji shi ne wannan: lamba ta farko ce kaɗai ke gyara siffa. Ita ke cire zanen yatsa, ita ke baje tudu. Sauran duk aikinsu ɗaya, kowace ta share kwarzanen da ta gabanta ta bari. In kika bar 400 alhali akwai ɗan rami, to 2000 ba za ta cire shi ba, sheƙi kawai za ta ba shi ya ƙara fitowa fili. Fiye da rabin lokacina a kan 400 yake ƙarewa. Daga nan kowace lamba 'yan daƙiƙu ne.

Yadda ake gane an gama da ta farko: ki tsame dutsen, ki share shi da tawul, ki bari ya bushe, ki duba a hasken taga. Inda sanfefa ta taɓa zai dusashe. Inda ba ta kai ba zai rage da ɗan ƙyalli, kamar tabki a tsakiyar fako. Muddin akwai irin wannan ɗigon, ba ki gama ba. Ruwa maƙaryaci ne, yana cike kwarzane ya nuna miki dutse sumul, shi ya sa sai ya bushe ake yanke hukunci.

Tsallake lamba kuwa, daga 400 a faɗa 1000, gaggawa ce da ke haifar da nawa. Ƙwayar 1000 ta yi ƙanƙanta ta share ramin 400, sai dai ta goge bakinsa. Ba za ki gani ba sai kin gama komai kin fito rana.

Me ya sa dole sai cikin ruwa? Ba zan iya yi a bushe ba?

Za ki iya, amma ƙurar da za ta tashi garin roba ce, kuma huhu ba wurin ajiyarta ba ne. Ruwa na kama ta ya mayar da ita farin kunu a gindin kwano. Na biyu, garin yana toshe idon sanfefa, ruwa ke wanke shi ta ci gaba da ci. Na uku, yana hana zafi, don roba in ta ɗumama laushi take yi ta riƙa damewa.

Ƙaramar roba da ruwa rabi ta isa, da ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke don santsi. Lokacin hunturu ki sirka da na ɗumi, ko don yatsunki. Ki ɗauraye dutsen kafin ki koma lamba ta gaba, kuma in ruwan ya yi fari ki canza shi. Ƙwayar 400 guda ɗaya in ta maƙale ta bi ki zuwa 1000, za ta ja layi ɗaya dogo a fuskar dutsen da kika kusa gamawa. Robar nan kuma ta zama ta aiki, kada ta koma kicin.

Dutsen ƙarami ne, yana suɓucewa, kuma yatsuna sun fara ciwo.

Sannu. Akwai ranar da na zauna kan duwatsu talatin da uku na carbi, hira ta yi daɗi, ban ankara ba sai da na ga ruwan ya ɗan yi ja. Fatar babban yatsa da manuni na goge tare da duwatsun. Ruwa ya sa fata ta yi laushi, ba a jin zafin sai an gama. Daren nan da cokali na ci tuwo, yaji bai bar ni na sa hannu ba. Tun daga ranar nake naɗe yatsu biyun da filasta kafin in fara, kuma ina yanke farce.

Riƙon ya danganta da siffa. Abu mai faɗi, kamar ɗan kunne ko abin wuya, sanfefar ake shimfiɗawa a kan tayil ko gilashi, a murza shi a kai ana zagayawa, ana juya shi a hannu lokaci-lokaci don kada gefe ɗaya ya fi cinyewa. Mai zagaye kuwa in kika yi masa haka zai fito da fuska-fuska kamar goro. Shi sai ki ɗora sanfefar a tafin hannu, ki ɗan lanƙwasa tafin ya zama kwarmi, ki riƙa mirgina dutsen a ciki. Ko ki sa soso a ƙarƙashin sanfefar, ta riƙa bin ƙugun dutsen.

'Yan mitsi-mitsi kuma, ki soka su a tsinken tsire ko tsinken sakace ya cije, ki riƙe tsinken, ki naɗe dutsen da 'yar sanfefa ki riƙa juyawa. Kada ki danna. Nauyin hannu kaɗai ya wadatar, kaifin takardar ke aikin.

Na bi lambobin duka, amma ya fito fari-fari, ya ma fi da muni.

Haka yake, ba ki yi kuskure ba. Farin nan gari ne da ya kwanta a ƙananan kwarzane. Ki wanke da tsohon buroshin haƙori, ki shanya, sannan ki zo mataki na ƙarshe, wato murza da ƙyalle. Sanfefa santsi take bayarwa, ƙyalle ke fito da sheƙi.

Tsohon wandon jins da ya sha wanki ya fi komai. Ki ɗora shi a cinya, ki murza dutsen da sauri har ki ji ya ɗan yi ɗumi. Cikin minti ɗaya launin zai dawo, ya yi wani sheƙi mai kwanciyar hankali irin na ƙwaryar da ta daɗe a hannu. Ni wannan na fi so, musamman a carbi. Sai dai jins mai shuɗin da bai gama zuba ba yana rina farin dutse, don haka fari sai farin ƙyallen auduga.

Mai son ƙyalli irin na gilashi sai ta haɗa da inji: faifan yadin auduga mai laushi a kan injin wasa wuƙa na tebur, ko ƙaramin injin hannu irin Dremel. Ba a sa masa man goge ƙarfe. A riƙe dutsen a ƙasan faifan, a taɓa shi sama-sama, kada a tsaya wuri ɗaya, don zafi zai narka fatar ya bar tabo. Injin yana fizge dutse ya harba shi bango, saboda haka a sa tabarau. Kuma don Allah a cire mayafi da hijabi, a ɗaure gashi, a naɗe hannun riga. Abin da ke juyawa ba ya tambaya kafin ya naɗe.

Ina gugawa yana damewa kamar cingam, wani kuma ya ɓare a hannuna.

Wannan ba laifin sanfefa ba ne, bai gasu ba. Dutsen da ya gasu yana ba da gari mai laushi, wanda bai gasu ba yana ba da dunƙule-dunƙule, yana toshe takarda, kuma ko kin kwana kina murzawa ba zai yi sheƙi ba.

Kowane iri da zafinsa, yana rubuce a jikin leda. Fimo digiri 110 na ma'aunin Salshiyos, minti 30. Premo digiri 130, minti 30 ga kowane kaurin milimita 6. Kato yana son wajen 150. Matsalar ita ce lambar da ke jikin maɓallin obin ba abin yarda ba ce, musamman ƙananan nan na gasa burodi. Ki sayi ma'aunin zafi na cikin obin ki ajiye kusa da duwatsun. Ƙara lokaci ba ya cutarwa, ni nakan kai awa guda. Ƙara zafi shi ne haɗari: in ya haura wajen 175 sai ya ƙone, ya yi hayaƙi mai yaji a ido da maƙogwaro. In haka ta faru a kashe, a buɗe tagogi, a fita da yara. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef kuwa sam ba a sa shi ciki.

In aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, kada ki tsorata. Ki bar su a ciki, in ta dawo ki sake ƙirga lokaci daga farko. Yumɓun roba yana jure gashi sau biyu, sau uku. Wanda kika fara gogewa ma kika gane ɗanye ne, ki shanya shi ya bushe sarai ki mayar.

Wani abu kuma: wasu nau'o'in, kamar Sculpey III da masu arhar nan marasa suna, ko sun gasu ba sa ɗaukar sheƙi kamar Premo da Kato da Cernit. Kada ki zargi hannunki.

Akwai dabarar da za ta rage mini wannan wahalar?

Akwai, kuma ita ce amsar da ta fi duk sauran amfani. Minti ɗaya na lallashi kafin gashi yana cire miki minti goma na guga.

In kin gama mulmula, kada ki huda nan take. Yumɓun ya ɗumama a hannu, ya yi laushi, ko kallonsa kika yi sai ya lotsa, balle a zafin bazara. Ki ajiye shi a kan tayil ya huce, ko a firji na ɗan lokaci. Sannan ki dangwali garin sitacin masara da yatsa ki shafe shi a hankali, zanen yatsa zai kwanta. Wasu na sa safar hannu ta roba. Abu mai faɗi kuma a rufe shi da farar takarda a murza bayanta da bayan cokali.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu. Lokacin hunturu farin yumɓu ba ya minti biyar a buɗe bai yi ɗigo-ɗigo ba. Ki fara da launuka masu haske kafin masu duhu, ki goge hannu tsakani, ki kifa kwano a kan abin da kika gama. Zaren da ya manne a cire shi da auduga da ɗan sifirit.

Wajen gashi, dutse mai zagaye in ya zauna a kan faranti zai fito da tabo mai ƙyalli a gindi. Ki jera su a waya ki rataya, ko ki kwantar da su a kan garin sitaci, ko a kwarin takardar da aka ninke kamar mafici.

Ba zan iya shafa jan farce marar launi ko in fesa banish in huta ba?

Jan farce, a'a. Na feshi ma, yawanci a'a. Sinadaran da ke cikinsu ba sa jituwa da man da ke cikin yumɓun. Ranar farko abin gwanin kyau. Na taɓa fesa wa sarƙoƙi shida na wata amarya, na kai, aka yaba. Bayan 'yan makonni ƙanwarta ta dawo mini da su a leda, suna danƙo kamar an tsoma a zuma, gashi da zaren gyale duk sun manne. Babu gyara, sabbi na yi mata da kuɗina.

In dole sai an rufe, kamar mai hodar ƙyalli ko fenti, a nemi banish mai tushen ruwa, irin wanda ake wanke buroshinsa da ruwa, ko wanda kamfanonin yumɓun ke yi da kansu. A gwada a dutse ɗaya a ajiye shi wata guda kafin a taɓa kayan mutane. Kuma banish ba ya ɓoye zanen yatsa, haskaka shi yake yi. Shi kansa yumɓun da ya gasu ba ya buƙatar kariya, ruwa da gumi ba sa shigarsa. Turare ne dai a kiyaye, a fesa kafin a sa sarƙa.

Na ji ana cewa akwai injin da ke yin gugar da kansa.

Akwai, ɗan ganga ne mai juyawa da masu goge duwatsu masu daraja ke amfani da shi. Ana zuba duwatsun da ruwa da ƙananan tsakuwoyin rafi masu santsi, ko yankakkiyar sanfefa, a bar shi yana juyawa awanni masu yawa. Yana taimakon mai yin ɗaruruwan ƙanana masu zagaye. Amma yana cinye kusurwa, ba ya cire rami mai zurfi, kuma yana son wutar da ba ta yankewa. Mai yin sarƙa biyu a mako ba ta buƙatarsa.

Ruwan da na yi guga da shi, in zuba a kwata?

Ki bar shi ya kwana, garin zai kwanta. Ki tsiyaye na sama, ki kwashe na ƙasa da takarda ki jefa a shara. Roba ce, ba ta ruɓewa, kada a zuba inda kaji da awaki ke sha.

Dutsen ya yi sumul, amma zaren sarƙar yana yawan tsinkewa.

Ki duba bakin hudar. In an huda yumɓu yana ɗanye, tsinken yakan turo ɗan leɓe a ɗaya gefen, in ya gasu ya zama kaifi, shi ke cin zare a hankali. Shi ya sa nake yin 'yar siririyar huda da allura, in shiga ta gefe ɗaya har tsinin ya leƙo, in zare in shiga ta ɗayan. Bayan gashi sai in faɗaɗa ta da bakin abin huda na milimita 1 ko 1.5, ina juya shi da yatsu, ba da inji ba. Daga nan in ɗauki wanda ya fi shi kauri in juya sau biyu a bakin hudar, ya ɗan sassaƙe kaifin. A ƙarshe in naɗe 'yar sanfefa 600 ta yi tsini kamar fensir, in murza a kowane baki. Wannan kafin a fara jerin lambobi ake yinsa, ba bayan an gama murza da jins ba, in ba haka ba bakin ƙarfen na iya zamewa ya ja layi a fuskar da kika sha wahala a kanta.